Rowa, Zumunci da Kasuwa: Nazarin Littafin A Christmas Carol na Charles Dickens

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara in watan Disamba ya kama, akan ji ƙorafi iri ɗaya daga bakin mutanen Ingila da Amurka, watau cewa bikin Kirsimeti ya kuɓuce daga hannun coci da iyali ya faɗa hannun 'yan kasuwa. Masu wannan ƙorafi kuwa su ne dai za su cika kantuna suna sayen kyaututtuka, sa'an nan su taru a gidan iyaye a ci a sha, suna ƙaunar bikin suna kuma nishin nauyinsa. In aka tambaye su yadda bikin ya kamata ya kasance, da yawa daga cikinsu sukan yi nuni da wani ɗan littafi da Charles Dickens ya wallafa a 1843 mai suna A Christmas Carol, watau waƙar bikin Kirsimeti. A ganinsu, a cikin wannan littafi ne tsabtataccen bikin yake, kafin kasuwa ta gurɓata shi.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan ruwa biyu da mutane ke ciki game da bikin yana nan kwance a cikin littafin kansa tun ranar da aka buga shi. Dickens ya tashi ne da niyyar kare gida da zumunci daga sharrin son riba, amma da ya zo bayyana tuban tauraronsa, sai ya bayyana shi da saye da biya. Za a duba inda wannan ya raunana littafin, da kuma inda marubucin ya farga ya yi wa kansa gyara.

2.0 Marubucin da zamaninsa

An haifi Dickens a 1812, ya rasu a 1870. A 1824, yana da shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashi, shi kuma aka tura shi aiki a wata ma'aikatar man takalmi, yana liƙa takarda a jikin kwalabe. Wannan tabo bai taɓa barin zuciyarsa ba, kuma shi ya sa yaron da aka yasar yake yawan fitowa a rubuce-rubucensa.

Shekarun 1840 shekarun yunwa ne da tarzomar ma'aikata a Ingila. Dokar matalauta ta 1834 ta tsananta sharuɗɗan ba da taimako, har ya zama mai ƙarfi a jika in yana neman agaji sai ya shiga gidan aikin gajiyayyu, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya. A farkon 1843 wani kwamitin bincike ya fitar da rahoto kan yadda ake bautar da yara ƙanana a masana'antu. Rahoton ya tayar wa Dickens da hankali, har ya ƙudura rubuta ƙasida don kare ɗan talaka. A cikin shekarar ya ziyarci makarantar 'ya'yan matalauta ta Field Lane a Landan, a watan Oktoba kuma ya yi jawabi a Mancesta kan muhimmancin ilimi ga talakawa. Daga nan sai ya fasa ƙasidar, ya ga ƙagaggen labari zai fi ratsa zukata, ya zauna ya rubuta shi cikin kimanin mako shida.

Akwai kuma dalili na biyu da bai kamata a ɓoye ba. A lokacin, littafinsa Martin Chuzzlewit da ake bugawa kashi-kashi duk wata ba ya samun kasuwa yadda aka zata, masu ɗab'insa sun fara zancen rage masa abin da suke ba shi, matarsa kuma tana ɗauke da cikin ɗansu na biyar. Ashe ke nan tausayin talaka da neman kuɗin biki tare suka haifi littafin.

Wajibi ne kuma a gyara wani kuskure da ya yaɗu, na cewa Dickens ne ya ƙago bikin Kirsimeti na Ingila. Bikin tsoho ne, har majalisar dokokin ƙasar ta taɓa haramta shi a 1647, aka dawo da shi a 1660. Abin da ya faru a zamanin Dickens shi ne, bikin da a dā ake yin kwana goma sha biyu ana shagalinsa a ƙauyuka, mai gona da barorinsa a zaure ɗaya, ya tsuke ya koma na yini guda a cikin ɗakin iyali a birni. Dickens ya tarar da wannan sauyi yana gudana, ya ba shi siffa da labari.

3.0 Taƙaitaccen labarin

Dickens ya kasa littafin gida biyar, ya kira kowane kashi baiti don ya dace da sunan waƙa da ya raɗa masa. Tauraron shi ne Ebenezer Scrooge, tsohon attajiri marowaci a Landan, wanda ke biyan akawunsa Bob Cratchit sule 15 a mako. A jajiberen biki ya kori ɗan 'yar'uwarsa Fred da ya zo gayyatarsa cin abinci, ya kori masu neman taimako don matalauta, ya ba akawunsa hutun yini guda yana gunaguni. Da dare sai fatalwar abokin cinikinsa Jacob Marley, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce, ta bayyana gare shi tana jan sarƙar da aka ƙera da akwatunan kuɗi da makullai da littattafan lissafi. Bayanta fatalwa uku suka zo bi da bi, ta farko ta nuna masa bukukuwan da suka shuɗe, ta biyu ta nuna masa na bana, ta uku ta nuna masa mutuwarsa ba mai kuka. Ya farka da safiyar biki ya tuba.

4.0 Jigo: biki da riba

A baiti na farko Dickens ya shata layi a fili tsakanin biki da riba. Hujjar Scrooge hujjar ɗan kasuwa ce: lokaci ne da mutum ke cin bashi, ya ƙara shekara bai ƙara dukiya ba, mai gida kuma ya biya ladan yinin da ba a yi masa aiki ba. Bahaushe ma ya ce salla ta wuce ta bar wawa da bashi, don haka maganar tsohon ba duka ce ta banza ba, kuma Dickens ya bar ta da ƙarfinta. Amsar Fred ita ce bikin bai taɓa sa masa ko anini a aljihu ba, amma ya amfane shi, domin lokaci ne da mutane kan buɗe zukatansu su dubi na ƙasa da su a matsayin abokan tafiya zuwa kabari. A nan alheri yana gefe, kasuwa tana gefe.

Amma da aka shiga baiti na uku sai layin ya dushe. Fatalwar bikin bana ta bayyana ne zaune bisa tulin abinci kamar sarki bisa karaga, ga nama, ga 'ya'yan itatuwa, ga kayan zaƙi. Wuri na farko da ta kai Scrooge shi ne titin kantuna, kuma a nan ne alƙalamin Dickens ya fi sakewa. Ya siffanta albasa da lemo da inabi da kayan ƙamshi kamar masu rai, suna yi wa masu wucewa fari da ido, masu saye suna karo da juna a bakin ƙofa, suna mance kayansu bisa kanta don ɗoki. Da wuya a sami tallan kanti da ya kai wannan shafi armashi. Marubucin da ya fara da cewa biki ba ruwansa da aljihu, ga shi ya mai da kanti wurin da farin cikin bikin ke fara bayyana.

Dalilin haka yana cikin irin tauraron da ya zaɓa. Scrooge marowaci ne har ga kansa. Kunu yake sha, ɗakinsa duhu don ƙyashin kyandir, wutar da yake ji ba ta ɗuma hannu. Laifinsa shi ne tara kuɗi da hana su motsi, kuma wannan hali ba ya yi wa talaka daɗi, ba ya kuma yi wa mai kanti daɗi. Tun da cutar rowa ce, dole maganin ya zama sakin hannu. Ta wannan ƙofa ce kasuwa ta shigo littafin, domin darasin da ke cewa ka kashe kuɗinka ka faranta ran jama'a, darasi ne da kowane ɗan kasuwa zai sa hannu a kansa da murna. Shi ya sa a baiti na biyar, abu na farko da tubabben ya yi shi ne aika yaro kantin mai kaji. Ya sayi talotalo mafi girma, ya yi wa yaron alkawarin sule, ko sule biyu da sisi in ya dawo cikin minti biyar, ya biya keken doki, duk yana dariya. Kusan kowane mataki na tubansa a wannan safiya yana da farashi.

5.0 Dinya da talotalo

Da a nan littafin ya tsaya, da zargin da ake yi masa ya tabbata. Sai dai zubi da tsarinsa sun faɗi abin da ya fi haka zurfi, kuma ana ganin wannan in aka gwada tsuntsaye biyu da ke cikin labarin.

Na farko ita ce dinyar gidan Cratchit. Mutum takwas ne za su ci ta, uba da uwa da 'ya'ya shida. An kai ta gidan burodi an gasa, kamar yadda matalautan Landan kan yi saboda ba su da tanda a gida, an kuma ƙara dankali da miya don ta isa. Uwargidan tana sanye da tsohuwar riga da aka juya sau biyu, ta ƙawata ta da zaren sisi. Abin zaƙin da aka kawo bayan nama ya yi wa gidan kaɗan, amma ba wanda ya furta haka, don kowa ya san furtawar cin fuska ce ga uwar. Dickens ya ba wannan liyafa shafuka, ya nuna wa mai karatu aikin da kowane yaro ya yi, da zolayar da aka yi wa uban ta ɓoye babbar 'yarsa Martha, da yadda aka zaunar da gurgun yaro Tim kusa da mahaifinsa. Abin da ya sa abincin ya ƙosar shi ne hannuwan da suka taru a kansa da kuma kawaicin da aka yi wa ƙarancinsa.

Na biyu shi ne talotalon Scrooge, wanda aka ce ya ninka Tim girma. An saye shi, an ɗora a keken doki, an aika ba tare da sunan mai kyauta ba. Daga nan labarinsa ya ƙare. Mai karatu bai ga isarsa ba, bai ga an dafa ba, bai ga an ci ba. Marubucin da bai gaji da siffanta abinci ba, ya ƙi kai mai karatu wannan liyafa. Abin da ya zaɓa ya nuna a maimakonta shi ne tsohon yana kai da komowa a ƙofar gidan Fred har sau goma sha biyu kafin ya iya ƙwanƙwasawa. Sayen talotalo bai ba shi wahala ba, shiga gidan ɗan'uwan da ya wulaƙanta shi ne ya gagare shi na ɗan lokaci, kuma hannu rabbana ya shiga. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a nan ne ainihin tuban ya tabbata.

Har ila yau, labarin bai ƙare a ranar biki ba. Ya ƙare ne kashegari a ofis, sa'ad da akawun ya makara, yana jiran kora, sai ya ji an ƙara masa albashi, an kuma ce ya ƙara gawayi a wuta. Talotalo na yini ɗaya ne, albashi kuwa na kowane mako. Tun a baiti na biyu aka share fagen wannan, inda Scrooge ya tuna da tsohon ubangidansa Fezziwig, wanda fam uku ko huɗu kawai ya kashe a shagalin da ya yi wa yaransa, amma Scrooge da kansa ya amsa cewa darajar mutumin tana cikin ikon da yake da shi na sauƙaƙa wa bara aikinsa ko tsananta shi, ta hanyar magana da kallo da ƙananan abubuwan da ba su lissafuwa.

Wurare biyu kuma sun nuna cewa Dickens bai yarda da zaƙin labarinsa ɗari bisa ɗari ba. Na ɗaya, a tsakiyar liyafar dinya, sa'ad da Bob ya nemi a yi wa Scrooge fatan alheri a matsayin wanda ya ciyar da su, matarsa ta ƙi, ta faɗi abin da ke ranta game da mutumin, sai daga baya ta yarda don albarkacin mijinta da darajar ranar, kuma annurin ɗakin ya gushe na ɗan lokaci. Wannan mata ita ce muryar duk wanda al'adar biki ta tilasta wa yin murmushi ga wanda ya zalunce shi. Na biyu, a baiti na huɗu, akwai shagon ɗan gwanjo inda masu yi wa Scrooge hidima suka kawo labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawarsa, aka yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Wannan shago shi ne kishiyar kantunan baiti na uku. Ciniki ne a can, ciniki ne a nan, amma a nan an cire zumunci, sai farashi kaɗai ya rage.

6.0 Littafin a kasuwa

Tarihin littafin kansa ya maimaita wannan ruwa biyu. Kamfanin Chapman da Hall ne ya fitar da shi ranar 19 ga Disamba, 1843, kuma kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar biki. Dickens ne ya ɗauki nauyin kuɗin ɗab'i, ya dage sai an yi masa bango na jan ƙyalle da ruwan zinariya, da zane-zanen John Leech, huɗu daga ciki da hannu aka shafa musu launi. An sa masa sule 5. Wannan kuwa sulusin albashin mako ne na Bob Cratchit, watau mutumin da aka rubuta littafin dominsa ba zai iya sayensa ba sai iyalinsa sun yi asarar guzurin kwana biyu. Duk da haka tsadar aikin ta cinye ribar, domin Dickens ya sa ran fam 1,000, sai ya tashi da fam 230 a bugun farko. A watan Janairun 1844 wasu suka buga satar littafin da araha, ya kai su ƙara ya yi nasara, amma suka ce sun karye, kuɗin shari'a kimanin fam 700 ya hau kansa.

A cikin 1843 ɗin dai Henry Cole ya sa aka buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko na sayarwa, guda 1,000, kowane sule ɗaya. Zanen katin iyali ne a tsakiya suna shagali, a gefe biyu kuma ana ciyar da matalauta ana tufatar da su. Tsarin tunanin katin da na littafin ɗaya ne: gida a tsakiya, talaka a gefe, kuma dukkansu kayan sayarwa ne. A 1848 jaridar Illustrated London News ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da itacen biki, al'adar ta bazu cikin gidaje. Ashe al'adun da ake kira na gargajiyar iyali, da yawansu tare da kasuwarsu suka taso.

7.0 Ra'ayoyin manazarta

Tun da fari an rabu a kan littafin. Thackeray ya yaba shi ƙwarai a 1844, ya ɗauke shi alheri ga ƙasa baki ɗaya. A shekarar kuma mujallar Westminster Review ta yi tambayar masana tattalin arziki, cewa wa ya rasa talotalo don akawun ya samu, tun da in babu rara dole wani ya kwana bai ci ba. George Orwell, a maƙalarsa ta 1940, ya lura cewa Dickens sauyin hali yake nema a wurin masu dukiya, bai kawo shawarar sauya tsarin da ya haifar da talaucin ba, ko da yake Orwell bai raina wannan matsayi ba. Edmund Wilson kuwa, a littafinsa na 1941, ya yi hasashen cewa in biki ya wuce tsohon zai koma halinsa.

Suka mafi nauyi tana tare da Orwell, kuma littafin da kansa ya ba da shaidarta. A ƙarshen baiti na uku fatalwa ta fito da yara biyu ramammu daga ƙarƙashin rigarta, namiji Jahilci, mace Fatara, ta yi gargaɗin a fi tsoron namijin. Waɗannan su ne yaran rahoton 1843 da na makarantar Field Lane, su ne musabbabin rubutun. Amma daga wannan shafi ba a sake ganinsu ba. An ceci Tim domin mahaifinsa yana aiki a ƙarƙashin attajirin da fatalwa ta ziyarta. Su kuwa waɗancan biyu, rabonsu bai wuce wata sadaka da Scrooge ya raɗa a kunnen mai tara taimako ba, wadda ko adadinta ba a faɗa ba. Wannan shi ne babban gibin littafin.

8.0 Dickens daga baya

Marubucin bai tsaya a inda masu karatunsa suka tsaya ba. Ya ƙara littattafan biki huɗu tsakanin 1844 da 1848, ya riƙa fitar da bugu na musamman na mujallunsa duk Disamba har 1867, daga 1858 kuma ya mai da karanta wannan labari a bainar jama'a sana'ar da ake biya a shiga. A 1858 ɗin ne ya rabu da matarsa Catherine, uwar 'ya'yansa goma. Tun a 1851, shekarar da ya rasa mahaifinsa da jaririyar 'yarsa, ya rubuta wata gajeriyar maƙala inda ya ɗauki bikin a matsayin lokacin tuna matattu da burin da bai cika ba. A Great Expectations, wanda ya fara fitowa a Disamban 1860, liyafar Kirsimeti azaba ce ga maraya Pip, manya suna ci suna yi masa gorin riƙo, shi kuma cikinsa ya ɗuri ruwa don abincin da ya sata ya kai wa fursuna. A littafinsa na ƙarshe da bai gama ba, a daren jajiberen biki ne Edwin Drood ya ɓace. Wanda ya zana teburin gidan Cratchit ya san cewa teburin iyali kan zama wurin ƙunci.

9.0 Kammalawa

An ga cewa A Christmas Carol bai raba biki da kasuwa ba, kuma wanda ya nemi tsabtataccen Kirsimeti a cikinsa zai tarar da kantuna a buɗe tun shafukan tsakiya. An kuma ga cewa ta hanyar abin da ya zaɓa ya nuna da abin da ya bari a ɓoye, Dickens ya fifita dinyar da aka ci tare a kan talotalon da aka aika, ya fifita taka ƙafa zuwa gidan ɗan'uwa da ƙarin albashin akawu a kan kyautar yini guda. Zamanin da ya biyo baya ya ɗauki talotalon ya riƙe, domin shi ne ake iya sayarwa. Mai nazarin da ke son yi wa littafin adalci sai ya karanta har kashegarin biki, ya kuma tambayi inda yaran nan biyu suka kwana.